Malalatan Dangi a Gindin Darbejiya

Jos ce ta ruɗe ni. Garin yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, ga sanyi ga ruwan sama, duk abin da aka soka a ƙasa sai ya kama ko da mai sokawar bai taɓa riƙe fartanya ba. Mutumin Zariya ya je ya ga haka, sai ya ɗauka abin sayowa ne a leda a kai gida. Taron bita ne ya kai ni a ƙarshen watan Agusta, kuma a harabar masaukinmu na ga abin da ya hana ni sauraron rabin jawaban da aka yi. Shuke-shuke ne a gindin itatuwa, babu fure ko ɗaya, amma ganyen kansa ne abin kallo: wani ja, wani ruwan hoda, wani ruwan ɗorawa, wani an yarfa masa fari, wani kuma jijiyoyinsa kaɗai suka yi jawur. Ni kuwa ina da darbejiya a tsakar gida, gindinta fayau, ban da ƙasa da kashin kaji ba ka ganin komai.

Ranar tashi na tsaya wurin masu fulawa na bakin titi, na cika but. Da na gama biya na tambayi saurayin yadda ake kula da su.

"Oga, waɗannan ba su da matsala. Kada dai ka sa su a rana sosai."

"To, inuwa ke nan."

"A'a, kada ka sa su a inuwa sosai."

"To ina zan sa su?"

"Tsakiya-tsakiya, Oga."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya fahimta, na ja mota.

Ina sauke kaya Gwaggo ta taso daga kan tabarmarta. Yayar mahaifina ce, tun rasuwar mijinta take wurinmu, kuma duk abin da zai shigo gidan nan, mutum ne ko buhu, sai ya bi ta gabanta. Ta murza ganye ɗaya, ta sunsuna.

"Kai, ɗan nan, ana miya da shi?"

"A'a, Gwaggo, na ado ne."

"Magani ne?"

"A'a."

"Yana 'ya'ya?"

"Ganyen ake kallo, Gwaggo."

"A kalla a yi me?"

Da yake na ɗan duba waya a hanya, sai na ga dama ta samu ta nuna wa tsohuwa ba a banza aka biya mini kuɗin makaranta ba. Na ɗaga mai kaurin ganye, mai sheƙi, na ce wannan kuroton ne, asalinsa tsibiran Indunusiya da Malesiya, kuma dangin rogo ne da zurma. Na ɗaga mai laushin ganye na ce ta taɓa karansa ta ji, kusurwa huɗu gare shi, sunansa koliyos, daga kudu maso gabashin Asiya ya fito, ɗan'uwan rizga ne da tumuku da ɗoɗɗoya. Na ƙarshe, mai ganye da siffar zuciya, fari da ruwan hoda, na ce kaladiyum ne, mutumin dazukan Barazil, ɗan gidan su gwaza, har ƙullutu gare shi a ƙasa irin nata.

Gwaggo ta yi shiru tana lissafi, sannan ta ce, "Wato kowane gida ka shiga sai ka tsallake masu sana'a, ka kwaso malalatan dangi."

Mai ɗakina tana bakin madafi tana dariya a cikin mayafi. Ban kula ta ba.

Washegari na fito da diga na nufi darbejiya, a nan na gano cewa gidan nawa ne amma inuwar ba tawa ba ce. Gefen gabas na Gwaggo ne. Nan hantsi yake sauka ya gasa mata gwiwa, rana na yin tsaka kuma inuwa ta rufe ta har magariba. Gefen yamma na uwargida ne da safe, nan take wanke-wanke da tsince shinkafa, da azahar kuwa rana take kwaɗa wurin ko ƙadangare ba ya tsayawa. Randa tana da nata gurbin, ƙanena yana da inda yake kafe babur, kaji kuma sun haƙa ramukan wankan ƙasa tun kafin mu tare. Abin da ya rage shi ne jikin kututture, kuma sara ɗaya na yi diga ta dawo mini a hannu. Saiwa ce ta saƙe ƙasar gaba ɗaya. Ita darbejiya 'yar ƙasar Indiya ce, a 1928 aka kafa ta a Borno, ta bazu ta cika Arewa don ta iya fari, kuma yadda ta iya farin shi ne duk ɗigon ruwan da ya faɗo kusa da ita nata ne. Ka zuba bokiti a gindinta don wani ɗan tsiro, sadaka ka yi wa itaciya.

Na tuntuɓi Gwaggo ko za ta ɗan matsa. Ta ce da tabarmar nan aka tare, da ita kuma za a fita.

Sai na koma lungun da ba mai so, tsakanin sito da katangar da mangwaron maƙwabcinmu Alhaji ya leƙo. Inuwar mangwaro ba irin ta darbejiya ba ce, wadda rana ke ratsawa ɗigo-ɗigo. Tata rufa-rufa ce, ko tsakar rana wurin duhu-duhu yake. Na jera tukwane na ce ai ga inuwa nan har da ragi. Makonni kaɗan sabon ganye ya fara fitowa, kore. Wanda ya biyo shi ma kore. Koliyos ya yi ta miƙa wuya, ya zama dogo siriri, launinsa ya koɗe. Kuroton ɗin da na sayo da ja da rawaya ya koma ba ka bambanta shi da ganyen da ke bayan kowace makaranta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Koren da ke cikin ganye, kulorofil, da shi tsiro yake haɗa abincinsa daga hasken rana. Jan kuma wani sinadari ne daban, antosayanin, irin wanda ya rina zoɓo, kuma tsiro yana ƙara yin sa ne in haske ya wadata, don yana kare ganye daga zafin rana. Ka sa shi a duhu, sai ya bar ado ya koma neman abin kai wa baki, ya cika ganyensa da kore don ya kama ɗan hasken da ke akwai. Farin da ke jikin kaladiyum kuwa wurin da babu kulorofil ne sam, shi ya sa yake saurin ƙonewa in rana ta yi yawa. Tsakiya-tsakiyar saurayin Jos ke nan, da ya tsaya ya yi bayani.

Wani abokin aikina mai noman masara ya ce yunwa ce, in ba su yuriya. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, kuma aikin naitirojin a jikin tsiro shi ne ƙara kore. Na barbaɗa da hannu sake. Da can koren nasu na marasa lafiya ne, yanzu ya zama kore shar mai cike da ƙoshin lafiya. Gwaggo ta leƙo lungun ta ce Allah ya sa albarka, yanzu sun fara kama da abin miya.

Da Disamba ta kama na kwashe su zuwa gindin katangar kudu. Wannan kam na yi nazari. Da tsakar rana katangar, mai tsayin mita 2, tana shimfiɗa inuwar da ta kusa mita ɗaya da rabi cikin gida, sama a buɗe, haske ko'ina amma rana ba ta dukan ganye. Launi ya fara dawowa. Na fara tsayawa a wurin da kofin shayi ina gyaran murya in wani ya gifta.

Sai hunturu ya sauka. Waɗannan tsire-tsire 'yan ƙasashen laima ne, iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya ba su san ta ba. Bakin ganye ya bushe ya naɗe, ƙura ta lulluɓe sauran. Na juya bayan ganyen kuroton na ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari jajaye, dangin gizo-gizo, sun saƙa yana a tsakanin jijiyoyi suna tsotse shi. Bushewa da ƙura su ne abin da suke so, maganinsu na farko kuwa ruwa ne, a wanke ganye ciki da baya. Haka na riƙa tsugunawa kullum da safe da bokiti da soso da ɗan sabulu, ina bin ganye ɗaya bayan ɗaya. A cikin wannan hali Alhaji ya yi sallama ya shigo aron tsani. Ya dube ni, ya dubi soso, ya dubi ganyen da nake tallafe da shi a tafin hannu.

"Malam, sannu da aiki."

"Yauwa, Alhaji, sannu kadai."

Bai ƙara komai ba, ya ɗauki tsani ya fita. Da magariba, bayan an sallame, liman ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya tambaye ni gida lafiya, aiki lafiya, barci fa ina samu? Ya ce duk abin da ya yi zafi maganinsa Allah, kuma mutum ya riƙa faɗa wa 'yan'uwa damuwarsa. Mutum ɗaya ne a unguwar bai ga aibun abin ba, shi ne ɗan garuwa. Kurarsa ta koma kwana a ƙofar gidana, ya kuma fara ce mini Alhaji, alhali ko Legas ban taɓa zuwa a jirgi ba.

Kaladiyum shi bai tsaya jayayya da hunturu ba. Ganyensa ya kwanta ɗaya bayan ɗaya har tukunya ta zama ƙasa zalla. Wannan bai tayar mini da hankali ba, don na san ɗabi'arsa ce: in rani ko sanyi ya zo sai ya janye, ƙullutun ya yi barci a ƙasa, damina ta tashe shi. Abin da yake so a lokacin shi ne a daina ba shi ruwa kada ya ruɓe. Na tone su, na kakkaɓe ƙasa, na zuba a faifai na kai sito na ajiye a kan buhun gero, inda iska ke shiga. Aiki na masana.

Wata Alhamis na dawo daga aiki da yunwa, Gwaggo ta turo mini kwano da kanta, abin da ba ta saba ba.

"Ga gwaza na dafa maka, ɗan nan. Ga yaji da manja."

Na ce Allah ya ƙara girma. Na ɓare ɗaya, na dangwala, na kai baki. Tauna ta biyu na ji an kunna mini wuta daga harshe har maƙogwaro.

"Ta lambunka ce," in ji Gwaggo. "Yaya ka ji ta?"

Ban iya amsawa ba. Duk dangin gwaza suna da wasu ƙananan allurai na wani gishiri, kalsiyum okzalet, a cikin namansu, su ne ke sa ƙaiƙayi in gwaza ba ta nuna ba. Sai dai ita gwaza shekaru aru-aru manoma suna zaɓen mai sauƙin ƙaiƙayi, kuma dahuwa mai kyau tana kwantar da ita. Kaladiyum ba wanda ya taɓa zaɓensa don ci, ganyensa ake zaɓa, kuma dafaffe ko ɗanye ba abinci ba ne. Na tofar, na ruga randa. Leɓena na sama ya kumbura ya leƙo har ina hango shi ba madubi. Gwaggo ta biyo ni da ludayin manja ta ce in haɗiye. Uwargida ta aika aka kira wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya, ta sa na kurkure baki sosai, ta ba ni madara mai sanyi, ta ce in numfashi ya fara wuya a wuce asibiti ba jira, sannan ta kwashe sauran ta ce a ɗaga su inda hannun yara ba zai kai ba. Wannan gargaɗin na gaske ne, duk mai irin shukar nan a gida ya riƙe shi. Tana fita na ji ta fashe da dariya a zaure.

Da harshena ya dawo na tambayi Gwaggo dalili.

"Kai da bakinka ka ce ɗan gidan su gwaza ne. Na ce bari a ba malalaci dama ko zai yi abin kai."

"To ke kin ɗanɗana, Gwaggo?"

"Ina azumin Alhamis."

Hunturu ya wuce, na ce wuya ta ƙare. Ashe ba a fara ba. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A watan Disamba rana takan karkata kudu sosai, shi ya sa katangar kudu ke jefo inuwa cikin gida. Daga nan kullum tana ɗan hawowa, inuwar tana ɗan tsukewa, ba mai lura, har wajen 20 ga Afrilu rana ta tsaya cak a tsakar ka, katanga ta rasa inuwa ko ta tafin hannu. Kuma a daidai makonnin da zafi ke kusantar digiri 40 ke nan, kafin saukar ruwa. Bayan haka rana ta wuce arewa, inuwar katangar ta faɗa ɗaya gefen, ba za ta fara dawowa ba sai ƙarshen Agusta. Ɗaya gefen kuwa gidan Alhaji ne. Ni na gina katangar da kuɗina, amma daga bazara har tsakiyar damina awakinsa take yi wa hidima.

Na fita aiki da safe na bar koliyos tsaye da kwalliyarsa, na dawo da la'asar na tarar ya yi lakwas kamar alayyahun da aka sulala. Kuroton ya zubar da rabin ganyensa don fushi. Na ari baro na shiga kwashe tukwane ina bin inuwa: da hantsi yammacin sito, da azahar ƙarƙashin baranda, da la'asar gabashin banɗaki. Ranar Asabar da Lahadi abin yana yiwuwa. Ranar aiki kuwa sai in bugo waya daga ofis in ce a tura baro, yara su ce to, su ci gaba da ƙwallo. Na kira mai zana ya kafa mini rumfa a jikin katangar. Kafin ya gama karɓar kuɗinsa ƙanena ya turo babur ciki, kaji suka bi shi, ɗan garuwa ya fara hutawa a bakinta. Koliyos dai bai ga ƙarshen watan ba. Na zubar da tukwanensa bayan isha'i, ba mai gani.

Bayan ruwa ya sauka aka yi suna a gidan Alhaji, na shiga yin barka. A barandarsa na ga bokitan fenti a jere, cike da koliyos, ja mai duhu da gefe ruwan lemun tsami, ya yi dumu-dumu. Na san wannan ganyen. Ni na ɗauko shi daga Jos a but ɗin motata. Da na fito na fara lura, sai ga shi a gidan tela, ga shi a gidan malamar Islamiyya, ga shi har a ƙofar mai jinyar da ta ba ni madara.

"Alhaji, ina kuka samo wannan?"

"Ai wurin Hajiyarka iyali suka saya. Ba ka sani ba?"

Na dawo gida na zagaya bayan madafi, inda rabona da zuwa tun da aka gyara famfo. Gwangwanayen madara ne a jere a kan dakali, ƙarƙashin ɗan zogale, kowanne da reshe a cikin ruwa ya fitar da fararen saiwoyi. Gefe kuma ledoji cike da ƙasa da waɗanda suka riga suka kama. Na tuna tun watannin farko takan bi koliyos ɗin tana tsinke kawunansa, ta ce mini haka ake yi don ya yi rassa kada ya tafi fure ya tsufa. Gaskiya ta faɗa, har godiya na yi mata. Abin da ba ta faɗa ba shi ne inda kawunan suke zuwa.

"Malam, ai abin ba wuya," ta ce. "A yanka ƙasan gaɓa, a cire ganyen ƙasa, a tsoma a ruwa, mako ɗaya zuwa biyu ya yi saiwa. Nan kuma rana tana zuwa da safe, kafin ƙarfe 11 ta wuce."

"Kina kallo ina yawo da baro?"

"Ba ka tambaye ni ba. Waya kake tambaya."

Na ce to a ba ni guda huɗu in mayar da iri. Ta faɗi kuɗi. Na ce ai nawa ne. Ta ce nawa ya mutu a watan Afrilu, unguwa duk shaida ce, waɗannan jarin adashinta ne, kuma ba ta bashi, musamman ga ɗan albashi. Na biya. Ta ƙara mini ɗaya gyara, ta ce dakalinta ya cika, kuma duk gidan wuri ɗaya ne ya rage mai ranar safe da inuwar yamma rani da damina, na san shi.

Na sayi goro fari mai kyau, na je na tsuguna a bakin tabarma.

An daɗe ana ciniki. A ƙarshe Gwaggo ta yarda ta ja tabarmarta taku uku zuwa arewa, bisa sharaɗin goro duk Juma'a, fari, ban da daushe. Na ɗora tukwanen a kan bulo don saiwar darbejiya kada ta shigo ta ramin ƙasa, gara ma ta sha wuyar hawa. Ƙullutun kaladiyum biyu da suka tsira daga tukunyar Gwaggo suka farka suka buɗe ganye fari da ruwan hoda. Kuroton ya yi sabon toho, ya fito kore da rawaya, yana ƙosawa yana rinewa ja, yadda ɗabi'arsa take. Alhaji ya shigo mayar da tsani, ya tsaya ya kalla, ya ce ashe dai abin yana da kyau, zai gaya wa liman.

Juma'ar da ta wuce na kai goro, Gwaggo ta karɓa ta juya shi ta ajiye a gefe.

"Ɗan nan, malalatan nan naka sun yi ƙiba. Jiya reshen wancan mai jan ya taɓa mini kafaɗa ina lazimi. Taku uku muka yi da kai, yanzu sun ci huɗu."

"To, Gwaggo, sai in rage reshen."

"Kada ka taɓa shi, na saba da shi. Ka dai riƙa haɗowa da ƙosai."